Duwatsun Banɗakin Baba

Shafi na 19

Daga Maman Khalid, 'yar Zinyau

Jama'ar gidan nan na ga saƙonninku, har da na Hajiya Salamatu da ta ce in ban turo yau ba za ta hau mashin ta biyo ni Zinyau. Wayar ce ta faɗa bahon wanki, kwana uku tana kwance cikin buhun shinkafa tana jinya. To ta tashi. Masu zagin Malam Ɗayyabu a kan taurin kai, don Allah yau ku ɗan sassauta masa.

*

Kwana talatin da shida ke nan Mu'minat tana gidan iyayenta a Rano tana wankan jego. Saura huɗu ta yi arba'in, babanta Malam Ɗayyabu direba ya ɗauke ta a motarsa ta haya ya mayar da ita Kibiya, ɗakin mijinta Ja'afaru.

Safe da yamma mahaifiyarta Iya Jummai ke tafasa mata ruwa a babbar tukunya, ta tsoma ganyen darbejiya tana fyaɗa mata a banɗakin Baba.

Haka kowa ke kiransa a gidan, banɗakin Baba. Ba siminti ba ne, ba tayil ba. Duwatsu ne baƙaƙe masu faɗi da Malam ya riƙa ɗaukowa daga gindin duwatsun Rano, ɗaya yau ɗaya jibi a bayan mota, har suka isa ƙasa da bango. Shekara biyu ya yi yana tara su. Mutane har leƙowa suke yi su gani, shi kuma in ka yaba banɗakin nan to ranar kyauta za ka je Kano.

Matsalar ɗaya ce, ruwan burtsatsen unguwar zartsi ne. Sabulu ba ya kumfa da shi, in kuma ya bushe a kan dutse sai ya bar fari kamar an barbaɗa kanwa. Maƙwabta ruwan tsamiya suke zubawa, wasu lemun tsami, masu gaggawa su sayo asid a kasuwa. Malam kuwa ya hana. Ya ce tsami na cin simintin da ke tsakanin duwatsu, ya kashe wa dutse haskensa. Dokarsa ita ce duk wanda ya yi wanka ya bi da tsumma ya tsane, shi kuma duk Juma'a da hantsi ya shiga da toka da soso da tsohuwar reza.

Yau da Mu'minat ta gama wankan safe sai ta tsaya ta dubi banɗakin da kyau, kunya ta kama ta. Bango ya yi fari fat tun daga ƙasa har tsayin ƙirji. Ruwan zafin da ake watsa mata sau biyu a rana ne, ta sani, ga shi ba mai bi da tsumma.

Ta ɗebo toka, ta jiƙa soso, ta durƙusa.

"Ke Auta, me kike yi a nan?" Iya ta leƙo.

"Ɗan gogewa zan yi, Iya. Ni na ɓata, bai kamata in tafi in bar wa Baba aiki ba."

"Mai jego da gurzar dutse? So kike bayanki ya buɗe a ce ban iya riƙon jego ba? Fito."

"Yanzu zan gama."

Ba ta gama ba. Duwatsu uku na bakin ƙofa ta goge, suka dawo baƙi suna sheƙi, sai jaririnta Amiru ya tsala kuka daga ɗaki. Ta wanke hannu ta tafi ba shi nono.

Tana shayar da shi abu ɗaya yana mata yawo a kai. Dutsen da ta goge santsi ne da shi tun kafin ta taɓa. Ba kaushi, ba ɓawo. Duk inda farin ya yi kauri an kankare shi da reza tsaf, ga ma sawun rezar nan. Amma siririn farin, wanda hannu ba ya ji, yana nan ko'ina ba a taɓa shi ba. Ta ce a ranta, ƙila Baba gajiya ce ta fara kama shi.

Ana kiran azahar ta ji tsayuwar motar a ƙofar gida.

Malam Ɗayyabu ya yi sallama ya shigo, dogon mutum mai furfura a gemu, yana tafiya a hankali kamar kullum. Iya ba ta bari ya ajiye hula ba ta kai ƙara.

"Malam, ka yi wa 'yarka magana. Na kama ta tana gurzar banɗaki."

Ya tsaya cak.

"Auta, ba dai tsamiya kika zuba min ba?"

"Haba Baba. Toka da soso, yadda ka koya mana."

"Bari in gani."

Ta saɓa Amiru a kafaɗa ta bi bayansa, tana shirin ba shi haƙuri a kan ba ta ƙarasa ba. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya juya kai dama da hagu. Ya miƙa hannu ya shafa bango.

"Madalla," ya ce. "Kai, madalla. Ko'ina ya dawo baƙinsa. Dubi bangon can na ƙurya yadda yake ɗaukar ido. Allah ya yi miki albarka, amma kar ki ƙara, jikinki ɗanye ne."

Mu'minat ta dubi bangon ƙurya.

Fari ne kamar an shafa masa farar ƙasa.

Ta dubi babanta. Murmushi yake yi da gaske, ba zolaya ba. Rana ta haska fuskarsa, a nan ta lura da abin da kwana talatin da shida ba ta lura da shi ba, don 'yar kirki ba ta tsura wa ubanta ido. Tsakiyar idanunsa biyu ta yi fari-fari.

"Amin, Baba," ta ce.

Ya ɗauki buta ya yi alwala ya fita masallaci.

Ta iske Iya a madafa tana kwashe tuwo.

"Iya."

"Na'am."

"Tun yaushe?"

"Tun yaushe me?"

"Idon Baba."

Marar ta tsaya a hannun Iya. Ba ta juyo ba.

"Wa ya ce miki wani abu ya sami idonsa?"

"Duwatsu uku na goge, Iya. Uku. Kina tsaye ya ce ko'ina ya yi baƙi."

"Inuwa ce a wurin."

"Rana tsaka ce."

Iya ta ajiye marar, ta goge hannu da gefen zani, ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna. Ta daɗe tana kallon murhu.

"Rage murya," ta ce. "Tun kafin azumin bara."

"Shekara ɗaya da rabi?"

"A hankali ya fara. Ya ce kamar hayaƙi-hayaƙi yake gani. Daga baya ya daina tafiyar yamma, ya ce wa 'yan tasha hanya ce ba tsaro. Ni ke fitar masa da hular da ta dace da riga. Buta, takalmi, carbi, kowanne ina ajiye shi wuri ɗaya kullum don kar ya laluba a gaban mutane."

"Madubin motar da ya karye watan jiya fa? Ya ce mai babbar mota ne ya goge shi."

Iya ta kau da kai.

"Iya?"

"Bishiyar ƙofar gida ce."

Mu'minat ta jingina da bango, ta gyara wa Amiru kwanciya a kafaɗarta. Tsoro ne ya fara zuwa mata, sai haushi ya biyo baya, haushin kuma na Iya ne ba na Baba ba.

"Kuma kullum kina kallo ya ɗauki makulli ya je ya loda mutum shida?"

"Ya ce hanyar a kansa take. Ya ce ko an ɗaure masa ido ya san kowane rami daga nan har Bunkure, daga Bunkure har Ƙarfi. A hankali yake tafiya, har fasinja na masa tsiya."

"Rami ba ya motsi, Iya. Yaron da zai tsallaka titi fa? Shanun Fulani fa?"

"Kina ganin ban yi wannan tunanin ba?" Iya ta ɗago, idonta ya kawo ruwa. "Tun da ya fita da safe nake zaune da carbi har in ji tsayuwar motar nan. Ko abinci ba ya wuce min sai ya dawo."

"To me ya hana ki faɗa wa su Yaya?"

"Ya ce in na faɗa wa wani bai yafe ba. Shekara talatin da takwas ina gidan nan, ban taɓa fitar da maganar Malam waje ba. Yau zan fara?"

"Asibiti fa? Ai yanar ido ce, ana cirewa a Kano. Kakar Ja'afaru an yi mata, ga ta nan har zare take sa wa allura."

"Ki je ki faɗa masa. Tun da ya ga abin da ya sami abokinsa Mato ya ce ba mai taɓa masa ido."

"Baba Mato ai ba asibiti ya je ba. Mai yawo kasuwa-kasuwa ne ya soka masa tsinke."

"A wurin babanki duk ɗaya ne. Kuma ya ce ranar da ya kwanta a gadon asibiti, kafin la'asar labari ya kai tasha, Gwadabe shugaban tasha ya cire shi daga layi. Mutumin da ya shekara talatin da huɗu yana riƙe da sitiyari, ki ce ya zauna a zaure yana jiran a kawo masa? Kashe shi za ki yi."

Ni dai mai rubutun nan tausayin Iya nake ji, ko da na san wasunku za su ce ita ta fi kowa laifi. Matar da aka raina a kan rufa wa miji asiri, ba rana ɗaya za a ce mata ta tona ba.

Sallamar Malam ta katse su. Iya ta miƙe da sauri ta share ido, ta kai masa tuwo inda ta saba ajiyewa, dama da tabarma, ruwa a hagu. Mu'minat tana kallo daga ƙofar ɗaki. Hannunsa ya sauka a kan kwano daidai, ba lalube. In ba ka sani ba, ba za ka taɓa ganewa ba.

Ya cinye, ya yi hamdala, ya wanke hannu.

"Jummai, bari in koma. Akwai lodi ɗaya na Kano, in sha Allahu kafin rana ta yi sanyi na dawo. Gobe kuma kasuwar Kibiya, sammako zan yi."

"Allah ya tsare, Malam."

Ya tsaya gyara hula. Mu'minat ta shiga ɗaki, ta zura hijabi, ta naɗe Amiru a tawul. Ta wuce ta bayansa ta fita zaure.

"Auta, ina za ki?" Iya ta biyo ta da raɗa. "Ba ki yi arba'in ba, mutane na kallo."

Ta fita ta buɗe ƙofar gaban motar ta zauna, ta ɗora jaririn a cinya.

Malam ya fito, ya zagaya, ya buɗe ɓangarensa ya shiga. Sai da ya rufe ƙofa ya ji motsin mutum kusa da shi.

"Wane ne?"

"Ni ce, Baba."

"Auta? Me ya fito da ke?"

"Kibiya za ka kai mu."

"Kibiya kuma? Saura kwana huɗu. Ko wani abu aka yi miki a gidan?"

"Ba abin da aka yi min. Ai dama kai za ka kai mu ranar, ko ba haka ba? Ni da Amiru da Iya da kayan gara. To mu yi ta yau, hanyar ɗaya ce."

"Ke, ba na son shirme. Fasinja na jirana. Sauka ki shiga gida."

Ta sunkuyar da kai. Tun da take ba ta taɓa musu da shi ba.

"Baba, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa."

"Ina ji."

"Duwatsu uku na goge. Na bakin ƙofa. Bangon ƙurya ban taɓa shi ba, fari ne fat."



Wani mai kura ya wuce da jarkokin ruwa, ya ɗaga wa Malam hannu. Malam bai ɗaga masa ba.

"Uwarki ce ta faɗa miki."

"Ba ta faɗa ba. Kai ka faɗa, Baba, da ka yaba bangon."

Ya ɗora hannu biyu a kan sitiyari, ya zuba wa gilashin gaba ido.

"Shekara talatin da huɗu," ya ce a hankali. "Ki je tasha ki tambaya. Ko kaza ban taɓa takawa ba. Yaran da ke gudu da mutane yanzu suna kifewa a kwana, idonsu garau ne. Ni da rana ina gani. Mota ina ganin ta, mutum ina ganin sa. Ƙananan abubuwa ne kawai suke ɓace min."

"Yaro ɗan shekara uku ƙaramin abu ne, Baba."

"Allah ke tsarewa, ba ido ba."

"Haka ne. To tayar da motar mu tafi."

"Auta."

"In ka yarda da idonka a kan 'ya'yan mutane shida, ai ka yarda da shi a kan naka biyu. Ni ba zan sauka ba. In ka ce kana gani, na yarda, ban taɓa jin ka yi ƙarya ba. Mu je."

Iya tana tsaye a bakin zaure, ta toshe baki da gefen mayafi.

Malam ya laluba aljihu ya ciro makulli. Ya kai shi wurinsa, ya shiga a karo ɗaya. Mu'minat ta ƙanƙame jaririn. Gaskiya ta tsorata, don ta san halin babanta, in aka matsa masa yana iya yin abin da ba a zata ba. Ta shiga karanto duk addu'ar da ta zo bakinta.

Yatsunsa suna kan makullin. Bai murɗa ba.

Amiru ya motsa, ya yi ɗan ƙaramin atishawa.

Malam ya juyo da kansa wajen sautin. Ya sunkuyo, ya matso da fuskarsa kusa da tawul ɗin, kusa sosai, har gemunsa na taɓa goshin yaron. Ya daɗe a haka. Sannan ya ɗago.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Da wa yake kama?"

Ta dube shi. Mutumin da ya yi wa yaron nan huɗuba a kunne, wanda kullum da safe sai ya karɓe shi ya yi masa wasa kafin ya fita.

"Da kai, Baba," ta ce, hawaye na sauka kan hijabinta. "Har goshin. Har kunnuwan."

"Haka mutane ke ta faɗa." Ya gyaɗa kai. "Na ɗauka ko faranta min rai suke yi."

"In aka cire yanar za ka gan shi da kanka. Kwana ɗaya ne a asibiti, ba irin na Baba Mato ba ne. Ni zan sa Ja'afaru ya raka ka, ba sai kowa ya ji ba."

"A Rano? Ba sai kowa ya ji ba?" Ya yi 'yar dariya marar daɗi. "In kuma suka taɓa, ɗan wanda ya rage ya tafi fa? Yanzu ko ba komai ina ganin hanyar masallaci."

Kafin ta amsa wayarsa ta ɗauki ƙara a aljihun gaba. Ya ciro ta, ya kai ta kusa da ido yadda ya saba yi a ɓoye, sai kuma ya fasa. Ya miƙa mata.

"Duba min, wa ke kira?"

"Baba Gwadabe ne, na tasha."

"Layina ya zo ke nan."

Wayar ta yi ta ƙara har ta katse. Ta sake ɗaukar ƙara.

"Ɗauki," ya ce.

"In ce masa me?"

Ya shafa gemu, ya dubi gabansa.

"Ki ce masa ya ba Habu lodina na yau. Ki ce jikana ya riƙe ni."

Ta ɗauka, ta gaishe da Baba Gwadabe cikin ladabi, ta faɗa masa yadda aka ce. Ya yi dariya, ya tambayi lafiyar jariri, sannan ya ce ta tuna wa babanta gobe kasuwar Kibiya, mata shida masu tumatir sun riga sun kama motarsa, su ba sa shiga ta kowa sai tasa.

Ta kashe wayar. Malam ya ji komai, don muryar Gwadabe ba ta buƙatar lasifika.

"Na yau kawai, Baba?" ta tambaya.

Ya zare makullin a hankali.

Mu'minat ta miƙa tafin hannunta, ta matso da shi har ya taɓa nasa don ya san yana nan.

Ya ji hannun. Ya ɗan riƙe yatsunta, ya sake su.

Sannan ya jefa makullin a aljihunsa, ya buɗe ƙofa ya fita.